Jarrabawar Turanci: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Kowace shekara, idan lokacin jarrabawar kammala babbar sakandare ya zo, akwai wata rana guda da ba ta kama da sauran ranakun jarrabawa. A ranar ana tara ɗalibai a zaure, a ajiye na'urar sauti a gabansu, mai sa ido ya danna maɓalli, sai wata murya da ba su taɓa ganin mai ita ba ta fara magana da Turanci. Tambayoyi 60 ne, lokaci kuma minti 45. Hira da gajeren labarin da ke zuwa a ƙarshe sau ɗaya tak ake karanta su. Babu damar yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, a maimaita." Abin da kunnensa ya kama shi ne rabonsa, abin da ya wuce kuwa ya wuce ke nan.

Wannan ita ce takarda ta uku ta darasin Turanci a jarrabawar WASSCE, wadda Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wato WAEC, ke gudanarwa, kuma wadda Gana ta rungume ta tun shekarar 2006. 'Yan uwanmu na Kano da Sakkwato a rubuce suke amsa wannan ɓangare, suna duba kalmomi a takarda suna zaɓa. Ɗan Gana kuwa, kamar ɗan Gambiya da ɗan Saliyo, da kunne yake amsawa. Ban da wannan akwai takarda ta biyu, inda ake ba yaro dogon rubutu ya karanta ya amsa tambayoyin auna fahimta, sannan a ba shi wani ya taƙaita shi cikin 'yan jimloli da kalmominsa na kansa. Idan aka haɗa sauraro da auna fahimta da taƙaitawa, za a ga kaso mai tsoka na makin Turanci ya rataya ne a kan abu biyu: yaro ya ji ya gane, ya kuma karanta ya gane.

Dalilin da ya sa muka ɗauko wannan magana a shafin da 'yan kasuwa ke karantawa shi ne, babu wanda abin ya fi shafa kamar ku. Ko da yaro ya ci lissafi ya ci kimiyya, muddin sakamakonsa na Turanci bai kai C6 ba, ƙofar digiri a jami'a a rufe take, haka kwalejin horar da malamai irin ta Gbewaa da ke Pusiga, haka makarantun koyon aikin jinya da ungozoma. Gaskiya ne tun watan Satumbar 2017 gwamnati ta ɗauke kuɗin makarantar babbar sakandare, amma kowane uba ya san ba a nan ɗawainiya ta tsaya ba. Akwai kuɗin mota, akwai akwati da katifa, akwai garin kwaki da sukari da sabulu duk farkon zango, ga kuma hannun yaron da aka rasa a rumfa ko a lambun albasa har tsawon shekara uku. Idan bayan duk wannan ya dawo da D7 ko F9 a Turanci, sai a koma biyan kuɗin darasin gyara da na jarrabawar da ake kira Nov-Dec, wani ya yi sau biyu, wani sau uku, wani kuma ya haƙura ya ɗauki babur ya shiga haya. Ɗan kasuwar da ya zuba jari shekara uku ya tashi babu uwa babu riba ba zai ce ƙaddara ce kawai ya yi shiru ba. Zai zauna ya binciki inda kayan suka zube.

To, mu zauna mu bincika. Abu na farko da ya kamata mu kawar shi ne zancen da wasu ke yi cewa yaran Arewa ba su da kai. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Bawku ko ta Bazua a gundumar Binduri ya san wannan magana ba ta da tushe. Za ka ga yarinya 'yar shekara 12 tana tallan gyaɗa, ta yi ciniki da wannan da Kusasanci, ta juya ta amsa wa wancan da Mosanci, ta yi wa na uku lissafin canji da Hausa, idan direban Kumasi ya tsaya ta jefa masa Tuwi, idan kuma mutumin Sinkase ne ta faɗa masa farashi da sefa cikin Faransanci. A Yendi haka yara ke haɗa Dagbanci da Hausa, a Salaga su haɗa da Gwanjanci. Babu wanda ya zaunar da su a aji ya koya musu waɗannan harsuna. Kunne ne ya sha su safe da yamma har suka zauna. Hausawa suka ce kunne ya girmi kaka, kuma a nan maganar ta fito fili.

Me ya sa Turanci ya gagari yaron da harsuna huɗu ko biyar ba su gagare shi ba? Amsar ita ce, duk sauran harsunan yana jin su a raye, a bakin mutane, ana ciniki da su, ana faɗa, ana barkwanci. Turanci kuwa a kan allo yake ganinsa. Yana jin sa daga bakin malami ɗaya ko biyu, na 'yan sa'o'i, sau da yawa ma malamin karanta abin da ke littafi yake yi yara suna kwafa. Da an tashi daga makaranta Turanci ya tashi, sai gobe. A lokacin hutu kuwa yaro kan yi wata guda cur bai ji cikakkiyar jimla ta Turanci ba. Ɗan Akara da ke jin sa a gida, a talabijin, a coci ko a layin asibiti, da ɗan Binduri da ke jin sa a aji kaɗai, jarrabawa ɗaya za su zauna, murya ɗaya za a kunna musu.

Matsalar ma tun daga tushe take. A shekarar 2002 gwamnati ta ce a koyar da Turanci zalla tun daga aji ɗaya na firamare. A 2007 aka sake komawa ga harshen gida a ƙananan azuzuwa, aka kuma shirya littattafai cikin harsunan Gana 11 da hukuma ta amince da su. Dagbanci da Gwanjanci suna ciki, amma ba a sa Kusasanci ba, ba a sa Busanci ba, ba a sa Hausa ba. Ke nan yaro a yankin Bawku ya daɗe yana faɗawa tsakani: ba a koya masa karatu da harshen da yake ji ba, Turancin da ake koya masa da shi kuma bai ji shi ba tukuna. Binciken auna karatun ƙananan yara da aka yi a faɗin ƙasar a 2013 da kuma 2015 ya nuna cewa kimanin kashi 2 cikin 100 ne kawai na 'yan aji biyu ke iya karatu sumul tare da fahimta, wajen rabinsu kuwa ko kalma ɗaya ba su iya karantawa. Waɗannan yaran su ne suka girma suka cika azuzuwan babbar sakandare a 'yan shekarun nan. A watan Oktobar 2025 Ministan Ilimi, Haruna Iddrisu, ya sake jaddada cewa a koyar da ƙananan yara da harshen uwa. Muna maraba da hakan, muna kuma roƙon a tuna da harsunan kan iyaka idan an zo buga littattafai. Sai dai yaron da ke aji biyu na babbar sakandare yau ba zai jira wannan gyara ba. Jarrabawarsa baɗi ce.

Bari mu ɗan bayyana abin da ke kayar da kunnen yaro, domin iyaye su san ba wani sihiri ba ne. Hausa tana da wasula biyar, kowanne da dogo da gajere. Turanci yana da sautukan wasali kusan 20. Saboda haka kalmomi irin su "ship" da "sheep", ko "cot" da "court", sai su zo wa kunnen da bai saba ba kamar abu ɗaya. Haka nan Bahaushe ba ya raba sautin p da f, shi ya sa "pull" da "full" ke rikita shi, kamar yadda "vote" da "boat" ke yi. Bugu da ƙari, harshenmu ba ya son baƙaƙe su cunkushe ba wasali a tsakani, shi ya sa muka ari kalmomin Bature muka gyara su suka zama burodi da fulawa da firamare. Wannan gyara ya yi wa Hausa kyau, amma a zauren jarrabawa, idan murya ta furta kalmar yadda masu ita ke furta ta, sai yaro ya kasa gane tsohuwar kalmar da ya sani a rubuce. Akwai kuma inda ake danna murya a cikin kalma ko jimla, wanda kan sauya ma'ana baki ɗaya. Ɗan kasuwa zai fi kowa gane haɗarin wannan: tsakanin "fifteen" da "fifty" bambancin a kunne ɗan kaɗan ne, amma a aljihu sidi 35 ne a kan kowane abu guda. A lissafa a kan buhu 100.

Duk da haka babu abin fid da rai a nan. Kunnen da ke raba gari na zama da gari na tuwo, ya raba fari na launi da fari na rashin ruwan sama, ba tare da an rubuta masa wata alama ba, kunne ne mai kaifi. Baturen da ya zo koyon Hausa shekaru yake yi yana tuntuɓe a kan waɗannan. Abin da yaranmu suka rasa shi ne sabo, shi kuwa sabo yau da gobe ke kawo shi.

Ɓangaren karatu ma haka yake. Da yawa daga cikin ɗalibanmu sun iya furta abin da ke rubuce, su karanta shafi guda da murya mai daɗi, amma ka rufe littafin ka ce su gaya maka abin da aka ce, sai ido ya raina fata. Rahotannin manyan masu duba jarrabawa na WAEC sun sha kokawa a kan abu guda: ɗalibai na kwashe jimlolin rubutun da aka ba su ɗungurungum su zuba a matsayin amsa, musamman a wajen taƙaitawa, saboda ba su fahimci abin da suka karanta ba balle su faɗe shi da bakinsu. Hadda tana da muhallinta, kuma mu da muka taso da allo mun san darajarta. Amma ko a makarantar allo, bayan sauka ai sai a shiga littattafai, malami ya karanta ya fassara, ɗalibi ya maimaita ma'ana. A kuma tuna cewa raunin karatu ba a darasin Turanci kaɗai yake tsayawa ba. Lissafi da Turanci ake tambayarsa, kimiyya da Turanci, darasin zaman jama'a da Turanci. Sau da yawa yaron da aka ce ya faɗi lissafi ya iya lissafin, tambayar ce bai gane ba.

Ko da an ajiye zancen jarrabawa gefe, kasuwar yau da kanta tana neman mai karatu. Tun shekarar 2020 aikin kwastan ya koma ƙarƙashin tsarin kwamfuta na ICUMS. Takardar haraji, takardar hayar rumfa, yarjejeniyar bashin banki, sanarwar majalisar gunduma, duk da Turanci suke zuwa. Saƙon da ke shigowa waya idan an turo kuɗi ta MoMo da Turanci yake, kuma 'yan damfara sun gane haka, shi ya sa suke turo saƙon bogi mai kama da na gaske su biyo da kira cewa sun yi kuskuren lamba a mayar musu. Wanda ya iya karanta saƙon a tsanake ya duba daga ina ya fito da abin da ya rage a asusunsa ba ya faɗawa wannan rami. Manomin albasa a bakin Farin Volta yana sayen maganin feshi wanda adadin da za a zuba da kwanakin da za a jira kafin girbi ke rubuce a jikin kwalba. Mai sayar da magani da kayan gwangwani yana bukatar ya karanta ranar lalacewa. Lokacin da aka tashi 'yan albasa daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku a watan Yulin 2021, waɗanda suka iya bin sanarwa da zama da jami'ai su ne suka yi magana da yawun sauran. Duk gidan da ba shi da mai karanta masa takarda, to zai biya wani ya karanta masa, kuma ba kowane mai karantawa ne ke faɗin duk abin da ya gani ba.

Wannan ba sabon darasi ba ne a wurinmu. Lokacin da ayarin fatake ke tasowa daga Kano da Katsina su ratso ta Yendi zuwa Salaga sayen goro, madugu ba ya raina malamin da ke cikin ayari, domin shi ke rubuta wasiƙa, shi ke ajiye lissafin bashi, shi ke karanta saƙon da aka aiko daga gida. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano, ya zauna a Salaga, ya koma Kete-Krachi bayan yaƙin basasar 1892, ya kuma rasu a can a 1934, tun yana saurayi ya wallafa littafi da Larabci a kan yadda ake tsara wasiƙa. Kakanninmu sun gane cewa fatauci da alƙalami tare suke tafiya. A zamaninsu harshen takarda Larabci ne da ajami. A zamaninmu, a wannan ɓangare na kan iyaka, an ƙara da Turanci.

To mene ne abin yi? Mun san abin da mai karatu zai ce: "Ni da ban yi boko ba, yaya zan koya wa yaro Turanci?" Alhaji, Hajiya, ba a ce ku koyar ba. Abin da ake nema a wurinku abu uku ne da kuke da su: rediyo, rabin awa, da tambaya.

Babu gidan ɗan kasuwa da ba a sauraron labaran duniya. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake shiga zaurukanmu, ga Muryar Jamus, ga Rediyon Faransa, ga tashoshinmu na gida. To, a ƙara abu ɗaya. Kowace rana a sa yaro ya zauna ya saurari labarai da Turanci, ko na gidan rediyon ƙasa GBC, ko na URA da ke Bolga, ko na Savannah da ke Tamale, ko shirin Afirka na BBC, da takarda da biro a hannunsa. Idan an gama, uba ko uwa su ce, "To, gaya mini da Hausa, me aka ce?" Wa ya yi magana, a ina, nawa ne adadin, me ya jawo? Daga nan idan an kunna labaran Hausa, sai a gwada a gani ko abin da yaro ya kawo ya yi daidai, tunda manyan labaran rana sukan zo a duka biyun. Ta haka uban da bai san ko kalma ɗaya ta Turanci ba ya zama mai duba jarrabawa a gidansa, kuma yaro ba shi da hanyar yi masa wayo. A makon farko zai kawo kaɗan, wataƙila sunan gari da na shugaba kawai. Kada a yi masa dariya, kada a zage shi. Bayan wata uku za ku ji bambanci da kunnenku.

Karatu ma haka za a yi masa. Wannan jarida da ke hannunku tana da shafukan Turanci. Idan kun gama da namu, kada a miƙa wa mai ƙosai tukuna. A ba yaro ya zaɓi labari ɗaya ya karanta a zuci, ya rufe, ya faɗi abin da ya ƙunsa cikin jimla uku da Hausa, sannan ya rubuta jimla ukun da Turancinsa na kansa ba tare da ya leƙa ba. Wannan shi ne ainihin abin da takardar taƙaitawa ke nema. Ya ajiye ƙaramin littafi na sababbin kalmomi, biyar a rana sun isa, kowace da jimlar da ya tsince ta a ciki. Tsohuwar Daily Graphic ko Junior Graphic, littafin labari na gwanjo, takardar da ke cikin kwalin magani, duk abin karantawa ne. A rumfa kuma, maimakon a kira ɗan maƙwabci, a miƙa wa yaron gida rasit da saƙon waya da takardar kwastan ya karanta ya yi bayani. Ranar da ya tsamo muku kuskuren da zai ci kuɗinku, ranar zai gane amfanin abin da yake koyo, ku ma haka.

Ku yi lissafi irin naku. Rabin awa a rana, shekara uku, ya haura awa 500. Babu darasin gyara na wata biyu kafin jarrabawa da zai ba yaro wannan, ko nawa aka biya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wayar hannu da muke kuka da ita ma tana iya zama mai taimako. Yaron da ke ƙarar da kuɗin data a kan bidiyon barkwanci zai iya sauke shirye-shiryen koyon Turanci da tsofaffin faya-fayan jarrabawar sauraro ya riƙa ji ko babu intanet. Zai iya ɗaukar muryarsa yana karatu ya saurara ya ji inda ya karkace. Amma waya ba ta tsare kanta, sai babba ya sa ido.

Muna da magana ta musamman a kan 'ya'ya mata. A gidaje da yawa, idan an dawo daga makaranta namiji ya ajiye jaka ya huta, mace kuwa ta ɗauki tulu, ta hura wuta, ta ɗauki faranti ta tafi talla, ranar kasuwa ma wani lokaci ba ta zuwa aji sam. A kasuwar da ke ci duk bayan kwana uku, yarinyar da ake tsayarwa kowace ranar kasuwa ta yi asarar kusan kashi ɗaya cikin uku na karatunta. Ita ce kuma gobe muke nema ta zama ungozomar da matanmu za su sake da ita a asibiti. Rabin awar nan har da ita, kuma rediyo ba ya hana tuƙa tuwo.

Makarantu su ma da nasu. Bai dace a ce ranar jarrabawar gwaji ce ranar farko da ɗalibi zai ji Turanci daga na'ura ba. Muna kira ga shugabannin manyan sakandare na Binduri, Bawku, Zebilla, Yendi da Salaga su ware aƙalla darasi ɗaya a mako na sauraro tun daga aji ɗaya, su kuma buɗe ɗakin karatu yara su riƙa aron littafi suna kai wa ɗaki, maimakon a kulle littattafai a kabad don tsoron kada su yage. Littafin da ya yage a hannun yaro ya fi wanda gara ta ci a sito. Lasifika mai caji da hasken rana ba ta kai kuɗin buhun albasa biyu ba a lokacin tsada. Ƙungiyoyin 'yan albasa, 'yan shanu, 'yan goro da direbobi, waɗanda ke tara kuɗi idan ɗan uwa ya yi rashi ko gobara, za su iya saya wa kowace makarantar yankinsu guda, su kuma bi sawu su tabbatar ana amfani da ita. Majalisar gundumar Binduri, wadda aka kafa a 2012, da takwarorinta, su sa ɗakin karatu na jama'a a cikin kasafinsu kamar yadda suke sa rumfunan kasuwa.

Mu ma ma'aikatan rediyo ba za mu wanke kanmu ba. Muna da sa'o'i na gaishe-gaishe, da na muhawarar siyasa, da na masu tallan maganin gargajiya, amma tashoshi nawa ne ke da minti 30 a mako domin ɗalibin sakandare? An riga an gwada an ga yana yiwuwa. A shekarar 2020, da cutar korona ta rufe makarantu, Hukumar Ilimi ta GES da GBC sun watsa darussan karatu ta rediyo ga yaran firamare. Abin da aka yi don dole ana iya yin sa don amfani. Tsarin ba shi da wuya: malamin Turanci ya zo, a karanta gajeren labari sau ɗaya, a yi tambaya biyar, ɗalibai su bugo waya su amsa, a yi bayanin amsar da Hausa ko Kusasanci ko Dagbanci yadda iyaye ma za su bi. Ɗan kasuwar da ya ɗauki nauyin irin wannan shiri ya yi talla ya kuma yi sadaka a lokaci guda.

Akwai masu fargabar cewa yawan Turanci zai raba yaro da harshensa da addininsa. Fargabar tana da asali, domin iyayenmu sun ga yadda boko ya fara shigowa. Amma tun 1987 akwai sashen kula da makarantun Islamiyya a ƙarƙashin Hukumar Ilimi, kuma makarantun da ke haɗa Larabci da Turanci sun yaye likitoci da lauyoyi da limamai. Hanyar da muka kawo ma ba ta ture Hausa, tunda da Hausa yaro zai riƙa mayar da abin da ya ji, sai ya ƙware a biyun. Wasu kuma za su ce a Kulungugu da Pulmakom Faransanci ya fi amfani. Gaskiya ne yana da amfani ƙwarai, kuma duk wanda ya samu ya ƙara. Amma takardar shaidar da yaro zai nema aiki da ita a Gana, Turanci ne mabuɗinta.

Ba za mu rufe ba sai mun taɓo abin da ke zuciyar kowa. Tun daga ƙarshen 2021 rikicin Bawku ya sa an sha ƙaƙaba dokar hana fita a garin da kewayensa, malamai da dama sun nemi canjin wurin aiki, kasuwa ta ja baya. A watan Yulin 2025, ana dab da fara jarrabawa, an kashe ɗalibi a babbar sakandaren Bawku da wasu biyu a ta Nalerigu, aka sallami yara zuwa gida. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba iyayensu haƙuri. Yaron da ke kwana da fargaba ba ya jin darasi, kuma WAEC ba ta rage wa kowa tambaya don garinsu ba lafiya. Saboda haka duk mai faɗa a ji, a kowane ɓangare yake, ya sani cewa kowane mako da makaranta ta yi a rufe, 'ya'yansa ne ke biya. Iyaye kuma, duk daren da hali ya tilasta wa yara zaman gida, kada a bar shi ya tafi a banza. A kunna rediyo, a buɗe littafi.

Ba mu ce wannan zai gyara duk abin da ya lalace a harkar ilimin Arewa ba. Ƙarancin malamai, cunkoson azuzuwa da rashin littattafai nauyi ne a wuyan gwamnati, kuma za mu ci gaba da tuna mata. Amma akwai abin da ba ya jiran kasafin kuɗi daga Akara. Yau da daddare, idan an rufe rumfa an ci tuwo, a kira yaron nan ko yarinyar nan, a murɗa rediyo zuwa labaran Turanci, idan an gama a ce, "To, me aka ce?" Gobe ma a sake.

Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.